Ɗage Ranar Fitowar GTA VI Da Lissafin Masu Gidajen Gem A Kudancin Kaduna

MARARABAN RIDO, Jihar Kaduna: Ran 6 ga watan Nuwamba na 2025, kamfanin Rockstar Games ya ba da sanarwar cewa wasan bidiyon nan mai suna Grand Theft Auto VI, wanda aka fi sani da GTA VI, ba zai fito ran 26 ga watan Mayu na 2026 kamar yadda aka alkawarta ba, sai ran 19 ga watan Nuwamba na wannan shekara. Nan take darajar hannayen jarin Take-Two Interactive, watau uwar kamfanin da ke birnin New York, ta faɗi a kasuwar Nasdaq.

Wannan shi ne karo na biyu da aka ɗage ranar cikin kimanin watanni shida. Tun da farko an ce wasan zai fito a kakar 2025, amma ran 2 ga watan Mayu na 2025 aka ture shi zuwa shekara mai bi mata, abin da ya sa hannayen jarin kamfanin suka yi asarar kimanin kashi 7 cikin ɗari na darajarsu a yini guda.

Mai yiwuwa ɗan kasuwar da ya saba da hada-hadar hatsi ko yadi ko siminti ya ɗauki wannan labari a matsayin zancen yara. Sai dai alƙaluma ba su goyi bayan wannan ra'ayi ba. Masu bin diddigin wannan sana'a sun ƙiyasta cewa a 2023 cinikin wasannin bidiyo a duniya ya kai dalar Amurka miliyan dubu 180 da ɗoriya, watau kusan ninki biyar na kasafin kuɗin Gwamnatin Tarayyar Nijeriya na 2025, wanda ya tashi a kan naira tiriliyan 54.99. Shi kuwa GTA V, yayan wanda ake jira, da ya fito ran 17 ga watan Satumba na 2013, ya tara dala miliyan dubu ɗaya cikin kwana uku kacal, kuma ya zuwa 2024 an sayar da kwafinsa fiye da miliyan 200. Haja irin wannan idan ta yi jinkiri, ba masu ita kaɗai ke ji a jikinsu ba. Girgizar takan bi ta kan masu ƙera na'urori, da 'yan kasuwar Alaba a Legas, har ta sauka a kan mai ƙaramin shago a gefen hanyar Kachia.

Mararaban Rido unguwa ce a Ƙaramar Hukumar Chikun, a bakin garin Kaduna, kan hanyar da ta miƙa zuwa Kujama da Kachia har Kafanchan. Kamar sauran unguwannin da suka cika da ma'aikata da 'yan makaranta, akwai sana'ar da ta yi saiwa a irin waɗannan wurare tun zamanin PlayStation 2, watau gidan gem. Jarinsa ba boyayye ba ne: ɗaki guda ko rumfa, talabijin biyu zuwa shida, na'urorin wasa daidai yawansu, benci, fanka, da janareta a ƙofa. Matasa kan biya kuɗi su buga wasa ɗaya ko su sayi lokaci. Daga nan har Kafanchan, inda Jami'ar Jihar Kaduna ke da reshe, da Gidan Waya mai Kwalejin Ilmi, duk inda ɗalibai suka taru da wuya a rasa irin wannan shago. Mafi yawan masu shi matasa ne da suka haɗa jarin daga adashi, ko daga ɗan'uwa, ko daga abin da suka tara a wata sana'ar, saboda haka kuskure guda wajen sayen kaya na iya cinye uwar kuɗin.

Mutanen wannan yanki dai ba baƙi ba ne ga alƙawarin da ake sa wa rana sa'an nan a ɗage. Matatar man Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, mai ƙarfin tace ganga 110,000 a yini, tana nan maƙwabtaka da su. A watan Fabrairu na 2023 kamfanin NNPC ya ƙulla yarjejeniyar kimanin dala miliyan 741 da kamfanin Daewoo na Koriya ta Kudu domin yi mata gyaran gaggawa, aka kuma ce za ta koma aiki a ƙarshen 2024. Shekarar ta ƙare, 2025 ma ta bi bayanta, matatar ba ta koma tace mai ba. Duk wanda ya gina ɗakunan haya ko ya buɗe gidan abinci bisa wancan alƙawari ya san abin da ake nufi da jarin da ya kwanta yana jiran ranar wani.

Abin da ya bambanta sha'anin GTA VI shi ne irin hasashen da ya taso a kansa, wanda ya zama tamkar wata sana'a mai cin gashin kanta. Sai a watan Fabrairu na 2022 ne Rockstar ya amince a bainar jama'a cewa yana aikin wasan, bayan shekaru fiye da takwas da fitowar na baya. A watan Satumba na shekarar wani matashi ɗan Ingila ya kutsa cikin na'urorin kamfanin ya saki gutsattsarin bidiyo kimanin 90 na aikin da ba a kammala ba, laifin da ya kai shi gaban kotu. Daga nan kamfanin ya ƙara ja bakinsa ya tsuke. A watan Disamba na 2023 ya saki tirela ta farko, watau gajeren majigin talla na minti ɗaya da rabi, wanda aka kalla sau fiye da miliyan 90 a YouTube cikin sa'o'i 24. Abin da aka rubuta a ƙarshensa game da lokaci shi ne shekarar 2025 kawai, babu wata babu rana. Bayan haka kamfanin ya yi shiru na watanni 17.

Cikin wannan shiru ne masu sha'awar wasan suka shiga neman alama a ko'ina. A ƙarshen 2024 wasu suka ɗauko wani hoton talla da kamfanin ya fitar, suka auna girman farin watan da ke cikinsa, suka duba kalanda don gano daren da wata zai yi daidai da wannan siffa, suka ce a ranar ce tirela ta biyu za ta fito. A ƙasar nan duban wata aikin kwamiti ne mai ƙa'ida da shaidu, amma a can kowa ya zama masanin taurari. Ranar ta zo ta wuce. Wasu kuma suka tattaro wuraren da lamba 27 ta bayyana a hotuna daban-daban suka tsayar da 27 ga watan Disamba. Ita ma ta wuce salin alin. Da kamfanin Gearbox, wanda shi ma mallakar Take-Two ne, ya sanar a ƙarshen watan Afrilu na 2025 cewa ya matso da ranar fitowar wasansa Borderlands 4 daga 23 zuwa 12 ga watan Satumba, sai aka ce ai share wa GTA VI fage ake yi. Kwanaki kaɗan bayan haka sanarwar ɗagewa ta fito. Tirela ta biyun da aka yi ta duban wata dominta, sai ran 6 ga watan Mayu na 2025 ta bayyana, ba tare da kowa ya hango ta ba.

Yana da kyau a lura cewa wannan hasashe ba ya cutar da kamfanin. Talla ce da ba a biya ko kwabo ba. Masu shirye-shirye a YouTube da TikTok na samun kuɗin shiga gwargwadon yawan masu kallonsu, don haka kowace jita-jita haja ce a wurinsu, ko ta tabbata ko ba ta tabbata ba. Wanda ya ce wasan zai fito gobe yana samun masu kallo, idan goben ta wuce kuma ya sake samun wasu da bayanin dalilin da ya sa bai fito ba. Irin waɗannan shirye-shirye ne ke isowa wayoyin matasan Mararaban Rido da Sabon Tasha da Kafanchan, daga nan su koma tambaya a bakin abokan ciniki: yaushe za a kawo PS5?

Ba 'yan wasa kaɗai ke wannan duba ba. Masu zuba jari ma sun yi nasu, sai dai su littafin lissafi suke dubawa maimakon wata. A watan Mayu na 2023 Take-Two ya shaida wa masu hannun jarinsa cewa yana sa ran cinikin da ya haura dala miliyan dubu 8 a shekarar kuɗinsa ta 2025, wadda ta fara daga Afrilun 2024 zuwa Maris na 2025. Kamfanin bai ambaci sunan GTA VI ba, amma tun da cinikinsa na shekara bai wuce miliyan dubu 5 da 'yan kai ba a lokacin, kowa ya fahimci cewa haja ɗaya ce tak za ta iya cike wannan giɓi. Hannayen jari suka yi sama. Bayan shekara guda aka sauko da hasashen zuwa kimanin miliyan dubu 5.6, aka kuma ce kakar 2025. A watan Fabrairu na 2025 shugaban kamfanin, Strauss Zelnick, ya sake jaddada wannan lokaci, saura ƙasa da watanni uku a soke shi. Ba lallai ne a ce ya yi ƙarya ba. Shugaban kamfanin da ke kasuwar hannun jari ba ya iya furta shakkarsa a fili kafin a yanke shawara a hukumance, domin kalma guda daga bakinsa na iya kwashe miliyoyin daloli. Ma'anar wannan ga ɗan kasuwa ita ce, tabbacin da irin wannan shugaba ya bayar yana nuna matsayin kamfani ne a ranar da ya yi magana, ba abin da zai faru ba.

Wanda ya san tarihin kamfanin kuwa bai yi mamaki ba. GTA IV an sa shi a Oktoban 2007, ya fito a Afrilun 2008. GTA V an ce bazarar 2013, ya kai Satumba. Red Dead Redemption 2 an ɗage shi sau biyu, daga kakar 2017 zuwa bazarar 2018, daga nan zuwa 26 ga watan Oktoba na 2018, kuma duk da haka ya tara dala miliyan 725 cikin kwana uku. Kamfanin da ya ga cewa jinkiri bai taɓa rage masa ciniki ba, ba shi da dalilin tsoron sake yin sa.

Dalilan jinkirin a wannan masana'anta suna da nasaba da girman aikin. A shekarun 1990 mutum goma zuwa ashirin kan gama wasa cikin shekara ɗaya ko biyu. Manyan wasannin wannan zamani kuwa na ɗaukar ɗaruruwan ma'aikata, wani lokaci dubbai, a ofisoshi da ke ƙasashe daban-daban, tsawon shekaru biyar ko fiye. Takardun da suka fito a wata shari'a a Amurka a 2023 sun nuna cewa kamfanin Sony ya kashe kimanin dala miliyan 220 wajen haɗa The Last of Us Part II, da kimanin miliyan 212 a kan Horizon Forbidden West, ban da kuɗin talla. Mai ginin bene yana iya ƙirga bulo ya ce saura kaza. Mai haɗa wasa ba shi da wannan gata, domin sai an harhaɗa sassan aikin wuri guda ne kura-kuran ke bayyana, kuma gyara ɗaya na iya haifar da ɓarna a wani sashe da aka ɗauka an gama da shi. Wannan ne ya sa watannin ƙarshe suka fi kowane lokaci wuyar ƙiyastawa.

Akwai kuma batun ma'aikata. A da, hanyar da kamfanoni ke bi su cika alƙawari ita ce tilasta wa ma'aikata aiki dare da rana a watannin ƙarshe. A 2018 Rockstar ya sha suka bayan da ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, Dan Houser, ya ambaci makonnin da aka yi aikin sa'o'i 100, ko da yake daga baya ya ce 'yan tsirarun manyan marubuta yake nufi. Tun daga lokacin ido ya dawo kan kamfanoni, kuma idan ba za a matse ma'aikaci ba, to kalanda ce za ta miƙe. A ƙarshen watan Oktoba na 2025, mako guda kafin sanarwar ɗagewa ta biyu, kamfanin ya sallami ma'aikata fiye da 30 a Birtaniya da Kanada. Shi ya ce sun fitar da sirrin aiki, ƙungiyar ƙwadago ta IWGB kuma ta ce yunƙurin kafa ƙungiya ne ya jawo musu. Masu hasashe sun yi ta danganta wannan da jinkirin, amma kusancin lokaci kaɗai ba hujja ba ne.

Abin da kowane kamfani ke gudu shi ne abin da ya sami CD Projekt na ƙasar Folan. An sa wa wasansa Cyberpunk 2077 ran 16 ga watan Afrilu na 2020, aka ɗage zuwa Satumba, aka ɗage zuwa Nuwamba, aka sake ɗagewa zuwa 10 ga watan Disamba. A karo na uku fushin masu jira ya kai har wasu suka aika wa ma'aikata barazanar kisa. Mutum miliyan 8 sun riga sun ba da kafin alƙalami. Kamfanin ya saki wasan don ya riski cinikin Kirsimeti, sai ga shi cike da tangarɗa, musamman a kan PlayStation 4. Mako guda bayan fitowarsa Sony ya cire shi daga kantinsa na intanet ya mayar wa jama'a kuɗinsu, bai dawo da shi ba sai a watan Yuni na 2021. Darajar kamfanin ta ruguzo, masu zuba jari suka maka shi a kotu a Amurka, aka sasanta a kan dala miliyan 1.85. Ya ɗauki kusan shekaru uku yana gyara kafin ya maido da sunansa. Tun daga nan lissafin masana'antar ya sauya: asarar ɗage rana ta 'yan makonni ce a kasuwar hannun jari, asarar sakin ɗanyen aiki kuwa ta shekaru ce.

Su ma abokan hamayya suna cikin masu jira. Babu mai son kafa rumfarsa a ranar da babban attajiri ke rabon kaya a kasuwa. A 2025 kamfanoni da dama sun jinkirta bayyana ranakunsu har sai da Rockstar ya yi magana, kuma da kaka ta zama fili sai Electronic Arts ya saki Battlefield 6 ran 10 ga watan Oktoba. Hatta ƙaramin kamfani na iya haddasa irin wannan. Team Cherry na ƙasar Ostareliya, mai ma'aikata 'yan ƙalilan, ya sanar da wasansa Silksong a 2019, ya bar mutane suna jira shekaru shida, sa'an nan a watan Agusta na 2025 ya ce saura mako biyu. Ƙananan kamfanoni da yawa suka kwashe kayansu daga wannan mako.

To, ina mai gidan gem na Mararaban Rido ya tsaya a wannan lissafi? Mabuɗin maganar shi ne, na'urori biyu kaɗai aka ambata wa GTA VI a sanarwar kamfanin: PlayStation 5 da Xbox Series X da S. Babu PlayStation 4, wadda tare da PS3 da ma tsohuwar PS2 su ne ƙashin bayan wannan sana'a a Arewa, mafi yawansu na hannu ne da aka shigo da su ta Legas. Duk wanda ke son ya sa wasan a shagonsa dole ya sayi sabuwar na'ura, kuma tambayar ita ce yaushe.

Tsohuwar ƙa'ida ita ce a yi haƙuri, farashi zai sauko. PS2 ta fito a kan dala 299 a shekarar 2000, ta sauko har dala 99 a 2009. PS4 ta fara da dala 399 a 2013, ta koma 299 a 2016. PS5 ta karya wannan al'ada. Ta fito a watan Nuwamba na 2020 a kan dala 499, amma maimakon ta sauko, a watan Agusta na 2025 Sony ya ɗaga ta zuwa dala 549.99 a Amurka, a daidai lokacin da harajin shigo da kaya na gwamnatin ƙasar ke matsa wa kamfanoni. A ƙarshen 2025 kuma farashin ƙwaƙwalwar kwamfuta ya yi tashin gwauron zabo saboda yadda kamfanonin ƙirƙirarriyar basira ke wawashe ta, abin da ba ya nuna alamar sauƙi ga masu ƙera na'urorin wasa.

A kan wannan sai a ɗora batun naira. Kafin watan Yuni na 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya saki kuɗin ya nemo darajarsa a kasuwa, dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. A 2024 da mafi yawan 2025 tana kai-komo a wajen naira 1,500. A wannan farashi, PS5 guda ta tashi a kan naira 825,000 tun kafin a yi maganar kuɗin jirgi, da na kwastan, da ribar dillali. Faifan sabon wasa na dala 70 ya tashi a kan naira 105,000, alhali mafi ƙarancin albashin da Gwamnatin Jihar Kaduna ta amince da shi a 2024 naira 72,000 ne. Ga kuma raɗe-raɗin da aka yi ta yi a 2025 cewa GTA VI na iya kaiwa dala 80 ko 100, musamman bayan da Nintendo ya sa wa Mario Kart World dala 79.99.

Wanda ya sayi na'urar a farkon 2023 ya ci riba ba don wayonsa game da wasanni ba, sai don ya tsere wa faɗuwar naira. Wanda kuwa ya saya a tsakiyar 2025 domin ya riga maƙwabcinsa shiri, lissafinsa daban ne, tun da naira ba ta yi wata faɗuwar a-zo-a-gani ba a wannan shekara. Alal misali, a lokacin da Babban Banki ya kai ma'aunin ruwan bashinsa kashi 27.5 cikin ɗari a Nuwamban 2024, ƙaramin ɗan kasuwa da wuya ya sami rance ƙasa da kashi 30. Naira 825,000 a kan wannan ruwa na cin kusan naira 250,000 a shekara, kuma tazarar da ke tsakanin kakar 2025 da Nuwamban 2026 shekara guda ce. Ko da kuɗin na adashi ne ba na banki ba, asarar tana nan, domin da an zuba su a sola da batir da sun rage kuɗin fetur tun daga watan farko.

Wani zai ce ai na'urar ba a kwance take ba, ana buga ƙwallo a kanta. Gaskiya ne, kuma a nan ne ainihin sirrin sana'ar yake. Abin da ke biyan hayar gidan gem ƙwallon ƙafa ne. Mutum biyu ke zama a gaban talabijin guda, su kammala cikin kimanin minti goma, wanda aka ci ya tashi wani ya zauna. Wasan ƙwallon Electronic Arts, wanda ya ɗauki sunan FIFA daga 1993 har ya koma EA Sports FC a 2023, ba a san shi da ɗage rana ba. Ya fito ran 29 ga watan Satumba na 2023, da 27 ga Satumban 2024, da 26 ga Satumban 2025, kuma dukkan ukun sun fito a kan PS4. Ke nan abin da PS5 ta ƙara wa mai shago a waɗannan shekaru shi ne kyan hoto da ɗan abin alfahari, wanda ba lallai ne abokin ciniki ya yarda ya biya ninki biyu dominsa ba.

GTA kuwa wasan mutum ɗaya ne mai dogon labari, wanda kan ci sa'o'i da dama kafin a kai ƙarshensa. Mutum guda zai riƙe kujera, goma su tsaya a bayansa suna kallo kyauta. Idan ba a sauya tsarin karɓar kuɗi daga na wasa-wasa zuwa na sa'a ba, taron da wasan zai jawo na iya zama na 'yan kallo. Sashensa na intanet, wanda ya kawo wa Take-Two kuɗi masu yawa a GTA V, yana buƙatar layi mai ƙarfi da kuma kuɗin rajista na wata-wata ga Sony, ga shi a watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da na data. Sababbin wasanni kuma kan buƙaci a sauke gyare-gyare masu nauyi tun ranar farko.

Sai wutar lantarki. PS5 na jan kimanin wat 200 idan ana wasa, fiye da ninki huɗu na abin da PS2 ke ja, ban da babbar talabijin da ta dace da ita. Fetur da ake saye ƙasa da naira 200 kafin a cire tallafi ran 29 ga watan Mayu na 2023 ya haura naira 1,000 a watan Oktoba na 2024, watan da lalacewar manyan layukan wuta ta jefa yawancin jihohin Arewa cikin duhu na fiye da mako guda. Shagon da ke ƙona fetur a gindin matatar da ba ta tacewa dole ya lissafa kowane wat.

Akwai wani ɓangaren da ba na kuɗi ba amma yana iya komawa na kuɗi. Jerin wasannin GTA labarin 'yan fashi ne da masu safarar ƙwaya, kuma a Amurka an keɓe GTA V ga 'yan shekara 17 zuwa sama. Gidan gem a unguwa yana rayuwa ne da yardar iyaye, da mai unguwa, da limamai da fastoci. Mai shagon da ya bari yaran firamare suka cika gaban irin wannan wasa yana iya samun cinikin wata guda ya rasa na shekara.

Inda jinkirin ya fi taɓa kasuwar Arewa a kaikaice shi ne ta hanyar kayan hannu. Bisa al'ada, babban wasa irin wannan ne ke sa miliyoyin mutane a Turai da Amurka su sayi sabuwar na'ura su rabu da tsohuwa, tsofaffin kuma su bi kwantena zuwa Alaba, daga can a rarraba su zuwa Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi a Kaduna da shagunan kayan lantarki na Kano. Muddin aka ɗage wasan, wani kaso na wannan sauyi shi ma ya ɗagu, kuma arahar PS4 da ƙananan masu shago ke jira takan yi jinkiri daidai gwargwado. Ga mafi yawansu, wannan arahar ta fi GTA VI kansa muhimmanci.

Game da lokacin da labari na gaskiya kan fito, sanarwar Mayun 2025 ta zo ne mako biyu kafin Take-Two ya gabatar da rahoton cinikinsa na shekara, ta Nuwamba kuma ta zo a ranar da ya gabatar da na wata uku. Kamfanin kan yi wannan bayani ga masu hannun jari a watannin Fabrairu da Mayu da Agusta da Nuwamba. Masu gidajen da ke amfani da kwamfuta maimakon PlayStation kuma suna da nasu jiran na daban: GTA V bai iso kan kwamfuta ba sai a watan Afrilu na 2015, watanni 19 bayan fitowarsa, Red Dead Redemption 2 kuma sai a Nuwamban 2019, bayan shekara guda.